Sawakin: Tashi da faɗuwar birnin tsibirin da alhazan ƙasar Hausa suka riƙa ratsawa

Maniyyacin da ya bar Roni ko Gwiwa a wannan zamani, idan jirgi ya ɗaga da shi daga Dutse ko Kano, awa huɗu zuwa biyar ne tsakaninsa da ƙasa mai tsarki. Kakanninsa da suka yi niyyar sauke farali shekara ɗari da suka wuce kuwa, sai sun yi sallama da dangi irin ta wanda ba a sa ran sake ganinsa. Wasu kan yi shekara uku a hanya, wasu bakwai, wasu kuma can suka ƙare rayuwarsu. Ga waɗanda Allah Ya nufa da isa bakin Bahar Maliya, zangonsu na ƙarshe a nahiyar Afirka galibi wuri ɗaya ne, wato Sawakin.

Sawakin wani ɗan tsibiri ne a gaɓar gabashin Sudan, kimanin kilomita 60 kudu da Fot Sudan, wadda Larabawa ke kira Bur Sudan. Ya shafe ɗaruruwan shekaru yana cikin manyan kasuwannin Bahar Maliya. A yau mafi yawansa tsibin duwatsu ne da bangaye da suka zube. Abin lura a tarihinsa shi ne, an yi masa ƙawanya shekara da shekaru bai faɗi ba, amma da aka karkatar da hanyar kasuwanci daga gare shi, cikin shekara ashirin ya zama kufai.

Wurin da yanayi ya zaɓa

Gaɓar yammacin Bahar Maliya cike take da duwatsun murjani da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, masu farfasa jiragen da matuƙansu ba su san hanya ba. A daidai Sawakin akwai wata siririyar mashiga da ta ratsa cikin ƙasa, ta buɗe ta zama tafki mai kwanciyar ruwa. A tsakiyar wannan tafki tsibirin yake, kewayayye kamar faifai, faɗinsa bai wuce rabin kilomita ba. Iska ba ta dukan jirgin da ya shiga, mahara daga tudu kuma sai sun ƙetare ruwa kafin su taɓa dukiyar 'yan kasuwa. Daga nan zuwa Jidda kimanin kilomita 300 ne.

Tsibirin yana da babban rauni guda: babu ruwan sha a cikinsa. Daga rijiyoyin da ke kan tudu ake kawo shi, sai kuma ruwan sama da ake tarawa. Saboda haka tun farko garin ya kasu gida biyu da ba sa iya rabuwa. A kan tsibiri attajirai da hukuma ke zaune. A kan tudu, a unguwar da ake kira Al-Gaif, mutanen ƙabilar Beja ke zaune, su ne masu raƙuma, masu rijiyoyi, masanan hanyoyin duwatsu da hamada.

Game da sunan, akwai zance iri-iri. A harshen Beja ana kiran wurin da kalmar da ke nufin kasuwa. Mutanen gari kuma suna da tatsuniyar da ke danganta sunan da kurkuku, wai a nan Annabi Sulaimanu ya tsare aljanu. Malaman tarihi sun fi karkata ga bayanin kasuwa, wanda ya fi dacewa da abin da garin ya rayu a kansa.

Daga Hamdani zuwa Ibn Battuta

Masanin ƙasa ɗan Yaman, Al-Hamdani, ya ambaci Sawakin a ƙarni na 10, kuma tun a lokacin ya ɗauke shi tsohon gari. A wancan zamani tashar Aizab da ke can arewa ce ta fi shahara, domin ta nan alhazan Masar da na Magrib ke ƙetarawa. Sawakin ƙanwa ce a bayanta, amma dukiyar da ke ratsa ta ta isa ta ja hankalin sarakuna.

A tsakiyar shekarun 1260, Sarkin Masar Baibars na daular Mamluk ya aika wa Sawakin runduna. Dalilin da littattafan tarihi suka kawo zai ba kowane ɗan kasuwa sha'awa: an zargi mai mulkin garin da ƙwace kayan fataken da suka rasu a ƙasarsa, maimakon a miƙa wa magada. Sarakunan Alƙahira sun san cewa idan baƙo ya daina amincewa da tasha, haraji ne zai tsaya.

Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a tsibirin wajajen 1330. Ya tarar da shi babu ruwa, babu shuka, babu itace. Ya kuma tarar mai mulkinsa Sharif Zaid ne, ɗan Abu Numayy Sarkin Makka, wanda ya samu sarautar ta wajen kawunnansa na Beja. Wannan ya nuna yadda Sawakin take tun asali: ƙafa ɗaya a Afirka, ɗaya a Hijaz, auratayya da ciniki sun ɗaure ɓangarorin biyu.

Sa'ar garin ta zo ne daga faɗuwar maƙwabciyarsa. Marubuta da dama sun ruwaito cewa a 1426 Sarkin Masar Barsbay ya sa aka rushe Aizab. Jirage da ayarin da ke zuwa can suka juyo kudu, Sawakin ta zama babbar tashar wannan yanki na gaɓar Afirka.

Zamanin Turkawa

A 1517 Sarki Salim na ɗaya na daular Turkawa ya ci Masar, ikon Santambul ya miƙo har Bahar Maliya. A daidai lokacin ne Turawan Fotugal, waɗanda suka gano hanyar kewaya Afirka ta kudu zuwa Indiya, ke ƙoƙarin karya cinikin kayan yaji na Musulmi. A 1541 rundunar jiragensu ƙarƙashin Estevao da Gama ta auka wa Sawakin. Ɗaya daga cikin hafsoshinta, Joao de Castro, ya rubuta bayanin garin cike da mamaki, har ya kwatanta shi da Lizbon. Abin da ya fi burge shi shi ne yadda jirage ke jeruwa kewaye da tsibirin, a shimfiɗa katako daga jirgi kai-tsaye zuwa ɗakin ajiyar attajiri.

A 1555 Ozdemir Basha ya kafa lardin Habasha na daular Turkawa, Sawakin ce mazauninsa na farko. Tsofaffin masallatan tsibirin guda biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, suna nuna irin jama'ar da ta zauna a ciki: jami'an Turkawa mabiya mazhabar Abu Hanifa, da 'yan kasuwar Hijaz da Yaman da Masar mabiya Imam Shafi'i. A cikin ƙasa kuma daular Funj ta Sannar, wadda ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821, ita ke aiko da ayari. Zinariya, hauren giwa, gashin jimina, ƙaro, fatu, dawa da man shanu na fita ta nan. Tufafin Indiya, turare da kayan yaji na shigowa. Har ila yau ta nan aka riƙa fitar da bayi zuwa kasuwannin Larabawa, baƙin tabon da tarihin garin ba zai iya gogewa ba.

A wannan zamani ne salon ginin Sawakin ya kafu. Ana sassaƙo dutsen murjani daga teku, a gina gidaje masu hawa biyu zuwa uku, a shafe su da farar ƙasa. Tagoginsu na katako ne da aka sassaƙa, suna leƙowa kan titi, ana kiransu rawashin, irin waɗanda alhazai ke gani a tsohuwar Jidda. Suna shigo da iska, suna tare rana, suna kuma suturta matan gida. Sai dai dutsen murjani yana da lalura: mai laushi ne, yana shan gishiri da laima. Gidan da aka daina yi wa yaɓe, kamar ginin ƙasa da aka bari damina ta yi ta duka, ba ya daɗewa.

Daga baya aka mayar da garin ƙarƙashin gwamnan Jidda, ya zama lardi mai nisa da ba a cika waiwaya ba. Da cinikin Indiya ya koma hanyar kudancin Afirka, arzikinsa ya ja baya. Matafiyi ɗan ƙasar Suwizalan, Johann Ludwig Burckhardt, ya iso a 1814 tare da ayarin da ya taso daga Shandi. Ya ƙiyasta mutanen garin da kimanin 8,000, ya ce kusan kashi biyu cikin uku na gidajen tsibirin sun lalace, ya kuma ƙiyasta bayin da ake kawowa duk shekara da dubu biyu zuwa uku. A cikin ayarinsa akwai alhazan da suka fito daga yammacin Afirka, waɗanda Larabawa ke kira Takruri. Daga wannan kalma aka samu Tukururu da Takari da ake ji a bakin Hausawa har gobe.

Farfaɗowa, sai kuma yaƙi

A 1865 Sarkin Turkawa ya miƙa Sawakin ga Khidiwi Isma'il na Masar. Shekara huɗu bayan haka, a 1869, aka buɗe mashigin Suwez, Bahar Maliya ta zama babbar hanyar jiragen Turai zuwa Indiya. Garin ya sake rayuwa. Gwamna Mumtaz Basha ya gyara gine-gine, ya ƙarfafa noman auduga a yankin Tokar. Aka gina ofishin kwastan da gidan waya. A ƙarshen shekarun 1870, lokacin da Janar Gordon ke gwamnan Sudan, aka yi gadar ƙasa da ta haɗa tsibirin da tudu. A 1881 attajiri Shinnawi Bey ya kammala katafaren masaukin fatake mai ɗaruruwan ɗakuna, inda baƙo ke samun makwanci da wurin ajiye kaya, kamar yadda fatoma ke yi wa baƙinsa a Kano, sai dai a babban sikeli. Ayarin raƙuma na ta kai da kawowa a hanyar Barbar, mai tsawon kimanin kilomita 400, wadda ta haɗa teku da Kogin Nilu.

A wannan shekara ta 1881 ne Muhammad Ahmad ya yi da'awar Mahadi. Wanda ya jagoranci yaƙinsa a gabas, Usman Digna, ɗan kasuwar Sawakin ne. Ya tara ƙabilun Beja, aka gwabza a Al-Teb da Tamai a 1884, da Tofrek a 1885. A Tamai mayaƙansa masu takubba da masu sun kutsa cikin sahun sojojin Ingila, abin da ya girgiza Landan. Turawa sun fara shimfiɗa layin dogo daga Sawakin zuwa Barbar a 1885, suka watsar da aikin bayan 'yan kilomitoci. Kitchener, wanda ya riƙe garin daga 1886 zuwa 1888, ya kewaye shi da ganuwa, ƙofar da ke ɗauke da sunansa tana nan har yau. Khartum ta faɗi a 1885, amma Sawakin ba ta taɓa shiga hannun Ansaru ba. An kama Usman Digna a 1900, ya rasu a Wadi Halfa a 1926.

Shekarun yaƙin sun toshe hanyar ayari, sun kuma katse tafiyar alhazai. Duk da haka, da ƙura ta lafa, mutanen garin sun zaci kwanakin arziki za su dawo.

Hukuncin da ya kashe garin

Sabuwar gwamnatin haɗin gwiwar Ingila da Masar ta kammala layin dogo daga Atbara zuwa Bahar Maliya a 1905. Amma injiniyoyinta sun riga sun yanke shawara cewa Sawakin ba ta dace da zamani ba. Siririyar mashigar da ta kare jiragen filafilai ɗaruruwan shekaru ta yi wa manyan jirage masu injin tururi ƙunci. Babu filin faɗaɗa tasha, ga ƙarancin ruwa. Sai aka zaɓi wani wuri a arewa mai suna Marsa Shaikh Bargut, aka gina Fot Sudan, Khidiwi Abbas Hilmi na biyu ya buɗe ta a hukumance a 1909.

Ba a kori kowa daga Sawakin ba. Ofisoshin gwamnati ne suka fara tashi, kamfanonin jirage suka bi su, sai banki, sai manyan attajirai. Zuwa shekarun 1920 harkar ta koma sabuwar tasha. Gidajen tsibirin suka zama gadon iyalai da suka watsu a Fot Sudan da Khartum da Jidda. Gida mai magada da yawa, kowa na jiran wani ya yi gyara, yaɓe ya zube, gishiri ya ci dutse, bango ya bi. Wani malamin zane mai suna Jean-Pierre Greenlaw ya auna gidajen ya zana su kafin su ƙarasa rushewa, aka buga littafinsa a 1976. Da yawa daga cikin gine-ginen a cikin zanensa kaɗai suka rage.

Ƙofar alhazai

Abu ɗaya da gwamnati ta bar wa Sawakin shi ne jigilar alhazai, tare da sansanin killace matafiya domin binciken lafiya. A wannan lokaci ne kuma tururuwar mutanen ƙasar Hausa zuwa gabas ta ƙaru matuƙa. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira da dubban jama'a, ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammad Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno.

Hanyar da aka fi bi ta tashi daga Kano zuwa Yerwa, ta ratsa Injamena da Abeshe, ta shiga Darfur ta Al-Junaina da Al-Fashir, ta isa Al-Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya kai a 1912. Talaka ba ya ɗauke da guzurin da zai kai shi, saboda haka yakan tsaya ya yi noma, ko ɗinki, ko wanzanci, ko koyar da allo, ya tara na gaba. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, dubban 'yan yammacin Afirka suka samu aiki a ciki, da yawansu suka zauna dindindin. Asalin yawancin al'ummar Hausawan Sudan ke nan.

A Sawakin maniyyaci kan jira takardu da allura da jirgi. Waɗanda ba su da kuɗin hukuma sukan biya masu ƙananan jiragen filafilai su ƙetare da su a ɓoye, tafiya mai haɗarin nutsewa da yaudara. Rahotannin wancan zamani sun nuna cewa wasu, musamman yara, sun ƙare a hannun masu cinikin bayi a ɗaya gaɓar.

A ƙarshen shekarun 1940 attajiran Kano, ciki har da Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan yammacin Afirka da aka fi sani da WAPA, suna kai maniyyata da motoci ta Sudan. Sunan nan ne ya zauna wa kasuwar canjin kuɗi ta Wapa a Fagge. Tsawon tafiyar ya ragu ƙwarai. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗauka daga Kano, a hankali ya gaje hanyar baki ɗaya. Alhazan Nijeriya suka koma wucewa ta saman Bahar Maliya ba tare da sun san sunan tsibirin da ke ƙasa ba.

Sawakin a yau

A 1991 Sudan ta buɗe sabuwar tasha a bakin mashigar, ta sa mata sunan Usman Digna. Tana jigilar fasinjoji zuwa Jidda da dabbobi zuwa Saudiyya. A watan Yunin 2022 sunan garin ya shiga labaran duniya da wani jirgi ya nutse a tashar ɗauke da tumaki kimanin 15,800, alhali 9,000 aka ƙayyade masa.

Tsohon tsibirin kuma ya zama abin zawarcin manyan ƙasashe. Hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta gyara masallatan nan biyu da ginin kwastan. A watan Disambar 2017 Shugaba Erdogan ya ziyarci wurin tare da Umar al-Bashir, aka sanar da yarjejeniyar miƙa wa Turkiyya aikin sake gina tsibirin, lamarin da ya tayar da hankali a Masar da ƙasashen Gulf bisa zargin kafa sansanin soja, zargin da Ankara ta musanta. A watan Maris na 2018 aka sanar da wata yarjejeniya da Qatar ta Dala biliyan 4 domin bunƙasa tashar. Hamɓarar da Al-Bashir a Afrilun 2019, da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, sun jefa waɗannan tsare-tsare cikin rashin tabbas.

Abin da ya shafi na gida

Labarin ba baƙo ba ne a arewacin Nijeriya. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin hamada da ke bi ta Ghat da Ghadames zuwa Tarabulus ya mutu. Kano ta tsira ne domin sabuwar hanya cikinta ta shigo, 'yan kasuwarta kuma suka yi maza suka rungumi gyaɗa. Baro da ke bakin Kogin Kwara ta yi tashe a matsayin mahaɗar jirgin ruwa da na ƙasa, da layin Legas ya haɗe da Kano sai ta dushe. Mutanen Ɓaɓura da Maigatari kuma sun ɗanɗana abin da ke faruwa da garin da ke ci daga hanya, lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023.

Ga ma'aikacin da ke zana inda titi ko layin dogo ko tashar tsandauri za ta bi, tarihin Sawakin tunatarwa ce cewa layin da ya ja a kan takarda yana iya raya wani gari ya kashe wani. Ga ɗan kasuwa kuma, Hausawa sun riga sun faɗa: in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Attajiran Sawakin da suka bi jirage zuwa Fot Sudan sun ci gaba da arzikinsu. Gidajen da suka bari a baya ne suka biya kuɗin ƙaurar, tare da masu raƙuma da 'yan dako da masu sayar da ruwa na Al-Gaif, waɗanda ba su da jarin da za su bi hanya duk inda ta juya.